Ruwan Gishiri da Sukari: Yadda Ake Jinyar Yaro Mai Gudawa a Gida

Duk shekara da zarar damina ta zauna, na san abin da zan tarar a kan bencin ƙaramin asibitin da nake aiki. Uwa ce da yaro kwance a cinya, jikinsa ya saki, ido ya zurma, a hannunta kuma leda cike da magungunan kemis. In na zazzage ledar sai in ga Flagyl na ruwa, ga kafso ja da rawaya, ga maganin haƙori, can ƙasa kuma ga fakitin ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da sukari, ko yage bakinsa ba a yi ba. Wata ma ta buɗe, amma sai ta ce mini, "Wallahi malama na zuba masa rabi a kofi, ya ƙi sha, sai na bari." Ba na ganin laifinta. Baiwar Allah ta kwana uku ba runtsawa, ta kashe kuɗin da da ƙyar aka samo. Ba a taɓa zaunar da ita an nuna mata aikin nan daga farkonsa har ƙarshensa ba. Shi ya sa na ga gara in rubuta shi yadda nake koya wa matan da ke zuwa wurina.

Akwai magana ɗaya da nake so ki riƙe kafin komai. Yawancin gudawar yara ƙwayar cuta ce irin wadda maganin kemis ba ya kashewa, kuma da kanta take tsayawa, galibi cikin mako guda. Abin da ke ɗauke yaro shi ne ruwa da gishirin jikinsa da ke zubewa kafin ta tsaya. Ki ɗauka randa ce ta tsage tana yoyo, tsagar kuma za ta toshe da kanta nan da ’yan kwanaki. Aikinki shi ne ki yi ta zuba ruwa kada randar ta ƙafe kafin lokacin. Babban mutum randarsa babba ce, yana iya jure kwana biyu. Ɗan wata takwas kuwa yini ɗaya ya isa ya ƙafar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gudawa na kashe yara ’yan ƙasa da shekara biyar sama da 400,000 a duk shekara, kuma ƙarewar ruwan nan ce babban sanadi.

Mutanenmu sun yarda da ƙarin ruwa na asibiti, in an rataya leda an sa allura sai hankali ya kwanta. To ORS ƙarin ruwa ne ta baki. Hanjin ɗan Adam yana da wata ƙofa da ba ta buɗewa sai gishiri da sukari sun zo tare a bisa ma'auni, in sun shige kuma ruwa ya bi bayansu zuwa cikin jini. Wannan ƙofa tana aiki ko da gudawa ta yi tsanani. A shekarar 1971, lokacin yaƙin ’yancin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanonin ’yan gudun hijira da ke kan iyakar Indiya, ledojin ƙarin ruwa suka ƙare. Wani likitan yara ɗan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari a manyan duro, dangin marasa lafiya na ɗiba da kofi suna ba su. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. Ba likitoci suka ba da ruwan nan ba, iyaye ne da ’yan’uwa irinki. A 2004 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar da tsarin da muke bi yanzu: sabon haɗin ORS mai sauƙin gishiri da sukari, tare da ƙwayar zinki.

Kayan da za ki tanada

Fakitin ORS aƙalla biyu, da katin ƙwayar zinki guda goma. A jikin kwalin za ki ga an rubuta Zinc, sau da yawa ma a kwali ɗaya ake sayar da su tare da ORS ɗin. Sai ruwa mai tsabta lita ɗaya, da jug ko kwano mai murfi, da kofi, da ƙaramin cokalin shayi, da sabulu. In babu fakiti, gishirin miya da sukari na gida.

A cikin kayan nan, wanda ya fi ba mata wahala shi ne ma'aunin lita. Hanya mafi sauƙi ita ce ruwan leda: ledar da aka rubuta 50cl a jikinta rabin lita ce, saboda haka leda biyu irinta lita ɗaya ke nan. Tun yaro yana lafiya ki juye leda biyu a jug ɗinki, ki yi wa inda ruwan ya tsaya alama da wuƙa ko jan farce. Ranar da bukata ta taso da tsakar dare ba sai kin yi ta kame-kame ba. Cokali ma haka ne. Cokulan gidajenmu ba girmansu ɗaya ba, wanda ake nufi shi ne mai cin mililita 5. Ɗan murfin awo da ke zuwa da maganin zazzaɓin yara yana da layin 5 a jikinsa, ki gwada cokalinki da shi. Bulumboti kuwa ki ajiye shi gefe. Wanke shi yadda ya kamata yana da wuya, kuma sau da yawa daga cikinsa gudawar ta fito.

1. Ki duba yaron kafin ki taɓa komai

Gudawa ita ce kashi mai ruwa-ruwa sau uku ko fiye a yini da kwana ɗaya. Jaririn da nono kaɗai yake sha yakan yi kashi mai laushi sau da yawa, wannan al'adarsa ce. Sai in ya fi yadda kika saba gani ruwa da yawa ne za ki kira shi gudawa.

Ki fito da shi inda akwai haske ki dube shi da kyau. Yana wasa, ko yana ta rigima ba ya lallasuwa, ko kuwa ya yi lis ba ya ko buɗe ido? Ki kalli idon, ko ya zurma fiye da yadda kika san shi. In yana kuka, akwai hawaye? Ki taɓa harshensa ki ji ko da yawu. Ki shafa maɗigarsa ki ji ko ta faɗa. Ki tuna yaushe rabonsa da fitsari. Sannan ki kama fatar cikinsa, tsakanin cibiya da gefen ciki, da babban yatsa da manuni, ki ɗaga na daƙiƙa ɗaya ki saki. Fatar mai lafiya nan take take komawa. In ta tsaya kamar an naɗe tsumma tana komawa a hankali, ruwa ya ragu. A ƙarshe ki miƙa masa ruwa. Wanda ya wawura yana sha da haɗama, jikinsa ya fara bushewa. Wanda ya kasa sha gaba ɗaya ya fi shi shiga hatsari.

Dalilin wannan dubawa shi ne ki san ko jinyar ta gida ce ko ta asibiti. Kada ki tsaya a gida in kin ga ɗaya daga cikin waɗannan: yaron bai kai wata biyu ba, ya kasa sha ko kama nono, duk abin da ya shiga cikinsa sai ya dawo, ya yi lis ko yana jijjiga, akwai jini a kashin, zazzaɓi ya yi zafi, ko fatar da kika ɗaga ta wuce daƙiƙa biyu ba ta koma ba. Haka yaron da tamowa ta riga ta kama, ya rame ƙwarai ko ƙafafunsa sun kumbura. Shi akwai haɗi na musamman da ake ba shi a asibiti, domin zuciyarsa ba ta ɗaukar gishiri kamar ta sauran yara. In kuma kashin ya zo fari tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, yana zuba ba ƙaƙƙautawa, ki ɗauka kwalara ce. Ita a cikin sa’o’i take kayar da babba ma, balle yaro. A 2021 ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,000, jihohin Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Ko a irin wannan hali, ki haɗa ORS ki zuba a gora, in dai yana iya haɗiya ki riƙa ba shi a hanya. Tafiyar awa ɗaya a kan babur ba tare da ɗigon ruwa ba tana iya zama ita ce bambancin.

Maganar maɗiga tana bukatar in ɗan tsaya a kanta. In ta faɗa, a gidaje da yawa sai a ce ciwon ka ne, a kwaɓa magani a shafe kan yaro da shi, a jira ta taso. Maɗiga ba ciwo ba ce a karan kanta. Wuri ne da ƙashin kai bai gama haɗewa ba, in ruwan jiki ya ragu sai ta lotsa kamar yadda ido ke zurmawa. Na sha ganin ta cike da kanta cikin ’yan sa’o’i bayan yaro ya sha ruwan da ya ishe shi. Abin da aka shafa a waje ba ya kai wa inda matsalar take.

2. Ki wanke hannu, ki gyara ruwa

Da sabulu da ruwa mai zuba daga buta, ba a cikin kwanon da kowa ya tsoma hannu ba. Ki wanke jug da kofi da cokali su ma. Ruwan rijiya ko na ’yan garuwa ki tafasa shi har ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya, ki rufe ya huce. Ki auna litar bayan ya huce, domin tafasa na rage shi. In kina da ƙwayar tsabtace ruwa irin Aquatabs, ki bi abin da aka rubuta a jiki, ki jira rabin awa. In yaro na cikin hali kuma ba itace ba gawayi, ki yi amfani da ruwa mafi tsabta da ke gidan. Jinkiri ya fi wannan hatsari.

3. Ki haɗa shi daidai

A nan ne kuskure ya fi yawa, kuma kuskuren nan yana iya cutarwa.

Ki fara karanta fakitin, ko ki ba wani ya karanta miki. Yawanci na lita ɗaya ne, amma akwai na rabin lita. Ki juye garin duka a cikin ruwan duka, ki motsa har ya narke. Kada ki raba fakiti biyu don tattali. Abin da ke ciki kala huɗu ne a gauraye, sukarin gulukos da gishiri da wasu sinadarai biyu, ido kuma ba zai iya raba su daidai ba. Kada ki juye fakiti guda a kofi ɗaya wai don ya yi ƙarfi. Gishiri in ya yi yawa a jinin yaro yana janye ruwa daga ƙwaƙwalwa, ya kawo jijjiga, har ya kai ga rasa rai. Na taɓa karɓar yarinya ’yar wata goma da aka yi wa haka, da niyyar alheri, kakarta na ganin in ya yi kauri zai fi saurin aiki. Allah Ya sa ta tashi, amma sai da ta kwana huɗu a babban asibiti. Kada kuma ki ƙara sukari ko madara ko lemo don ya yi daɗi, kada ki dafa shi bayan kin haɗa. In kin yage fakiti kin tarar garin ya dunƙule ya sauya launi, danshi ya shige shi, ki ɗauko wani.

In babu fakiti a gidan kuma kemis ya rufe, ga na gida: ruwa lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida, gishiri rabin ƙaramin cokali. Cokalin a shafe, ba tozo. Ki ɗebo, ki bi samansa da bayan wuƙa ya yi daidai da baki. Ki maimaita wa kanki: shida na sukari ne, rabi na gishiri. Na ga wadda ta juya su. Shi ya sa ban yarda uwa ta ba yaro ba sai ta ɗanɗana da bakinta. Kada gishirinsa ya fi na hawaye. In kin ji ya fi, ki zubar ki sake, asarar sukari cokali shida ba komai ba ce. Sukari ma in ya zarce yana jawo ruwa zuwa cikin hanji, gudawar ta ƙaru.

Iyayenmu da suka yi goyo shekaru talatin da suka wuce an koya musu wani ma'auni da kwalbar lemo da sukari mai ƙwaya. Kada a ɗauko rabi daga wancan, rabi daga wannan. A tsaya a kan ɗaya. Sannan ki sani na gida na agaji ne kafin gari ya waye. Na fakiti ya fi shi, domin yana ɗauke da sinadarin fotasiyam da gudawa ke kwashewa, wanda rashinsa ke sa yaro kasala da kumburin ciki.

Ki rufe jug ɗin saboda ƙuda, ki ajiye a inuwa. Abin da ya kwana ya yini, wato awa 24, zubar da shi ake yi a haɗa sabo. Ruwa mai sukari a zafin ƙasarmu gonar ƙwayoyin cuta ne.

4. Ki ba shi, cokali bayan cokali

Haɗawa minti biyar ce. Bayarwa ita ce jinyar, kuma haƙuri take ci.

Bayan kowane kashi, yaron da bai kai shekara biyu ba a ba shi mililita 50 zuwa 100, wato kwata zuwa rabin babban kofi. Daga shekara biyu zuwa goma, mililita 100 zuwa 200, rabin kofi zuwa cikakke. Wanda ya wuce haka, da babba, ya sha iya yadda ransa ke so. In yaro ya nemi ƙari a ƙara masa.

Ki zaunar da shi a cinyarki, kansa a ɗage, ki ba shi cokali ɗaya duk bayan minti ɗaya ko biyu. Ki lissafa: mililita 100 cokali 20 ne, wato zaman wajen rabin awa. Na san akwai girki, akwai wanki, akwai sauran yara. Amma yau wannan ne aikin. Ki roƙi abokiyar zama ko maƙwabciya ta kama miki tukunya, ko ki zaunar da babbar ’yarki ki nuna mata ta karɓe ki. Abin da ya sa ake bi a hankali shi ne cikin da ke ciwo ba ya ɗaukar lodi. In kika kafa masa kofi ya shanye a tashi ɗaya, zai dawo da shi duka, ke kuma ki ce ba ya karɓarsa.

In ya yi amai, kada ki karaya. Ki dakata minti goma, ki ci gaba a hankali fiye da da, cokali ɗaya duk minti biyu ko uku. Abin da ya fito bai kai abin da ya zauna ba, ko da a idonki ya yi yawa. Sau da yawa ma aman kansa yana lafawa da ruwa ya fara komawa jiki.

Ban da ɗura. Ina roƙonki da girman Allah, ban da toshe hanci a kwantar da yaro a ɗura masa. Yaron da ke kuka yana fizge-fizge, ruwan hanyar numfashi yake bi ya sauka a huhu, a fito daga gudawa a faɗa ciwon haƙarƙari. Haka wanda barci ya ɗauke ko ya yi lis, ba a zuba masa komai a baki. In ya ƙi cokali, ki gwada sirinji marar allura, ki riƙa ɗiga masa ta gefen kunci. Abin da na lura da shi kuma, yaron da ruwa ya ragu a jikinsa da wuya ya ƙi ORS. Wanda ke ture kofi yana wasansa yana fitsari, yawanci bai bushe ba ne, sai a ci gaba da tayi ba tare da faɗa ba.

Za ki ga gudawar ba ta tsaya ba, wani lokaci ma kamar ta ƙaru. A nan mata da yawa ke cewa maganin bai yi ba. ORS ba a yi shi don ya tsayar da kashi ba. Ma'auninsa fitsari ne da ido da kuzari: yaro ya yi fitsari mai haske, ido ya ciko, ya fara neman abin wasa. In fatar idonsa ta kumbura, ya samu fiye da bukata, ki dakata da ORS ki ba shi nono ko ruwa zalla har kumburin ya saɓe.

5. Kada nono ya tsaya, kada abinci ya tsaya

Tsohuwar magana ita ce a bar ciki ya huta. Hanji kuwa da abinci yake gyara kansa. Yaron da aka hana ci kwana uku zai fita daga gudawa a rame, ramar ta buɗe wa wata gudawar ƙofa, daga nan sai tamowa. Yawancin yaran da muke turawa sashen tamowa ta wannan hanya suka bi.

Mai shan nono a ƙara masa, sau da yawa kuma ya daɗe a kai. In bai kai wata shida ba, nono da ORS kaɗai, ba kunu ba jiƙo. Ko kina da ciki, nononki bai ɓaci ba. Maganar wai yaro ya sha ciki ta sa an yaye yara da yawa rana tsaka suna cikin ciwo, kuma yayen nan ne ke kayar da su.

Wanda ya fara cin abinci a ba shi kaɗan-kaɗan, sau shida a yini: kunun gero ko na gyaɗa mai kauri, faten dankali ko na wake da ya dahu lugub, shinkafa mai laushi, dafaffen ƙwai, kifi, kindirmo mai tsabta, da ɗan cokalin mai a ciki. Ayaba tana da kyau ƙwarai saboda fotasiyam. Kunu tsararo ruwa ne kawai, ba ya riƙe yaro. A dafa sabo, kada a ba shi wanda ya wuni a buɗe. Lemon kwalba da na kwali da shayi mai zaƙi a ɗauke su, sukarinsu ya wuce kima, gishirinsu kuma babu.

6. Zinki, kwana goma cur

Daga wata shida zuwa sama, ƙwaya ɗaya mai miligiram 20 a kullum. Ƙasa da wata shida, rabin ƙwaya. Ki sa ta a cokali, ki ɗiga nono ko ruwa, za ta narke nan da nan. A ba shi bayan ya ci wani abu, domin a kan yunwa takan tayar da zuciya. In ya amayar kafin rabin awa, a sake ba shi.

Zinki yana rage tsawon gudawar da yawanta, yana taimaka wa bangon hanji ya warke, yana kuma kare yaro daga sake kamuwa har wata biyu zuwa uku. Wannan kariyar sai an cika kwanakin ake samunta, goma zuwa goma sha huɗu. Abin da na fi gani shi ne a sha kwana uku, kashi ya daidaita, a jefa katin a kwanon kaya. Ki ɗaura shan da wani abu da ba kya mantawa, kamar bayan sallar asuba ko karin kumallo, har katin ya ƙare.

7. Ledar kemis

Zan faɗi ra'ayina a fili. Flagyl da kafso da sauran magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba su da aiki a gudawar ruwa ta yau da kullum. Suna kashe ƙwayoyi masu amfani da ke zaune a hanji, su sa gudawa ta daɗe, su kuma koya wa cuta jure magani. Wurinsu shi ne atuni, wato kashi da jini, da kwalara, da wasu cututtuka da sai an duba, kuma ma'aikacin lafiya ne zai zaɓi wanda ya dace. Maganin tsayar da gudawa irin Imodium ba na ƙananan yara ba ne sam. Yana ɗaure hanji, ruwan ya taru a ciki, ciki ya kumbura, uwa na murna kashi ya tsaya alhali yaro na ci gaba da bushewa. Jiƙe-jiƙe masu kanwa da na wankin ciki su ma ƙara zubar da ruwa suke yi.

Sai maganar haƙori. Kusan duk uwa da ta zo wurina da ɗan wata bakwai cewa take yi haƙori ne. Gaskiya ne lokacin ɗaya ne, amma dalilin daban. A wannan lokacin ne yaro ke rarrafe, yana kai duk abin da ya samu baki, an fara ba shi kunu da ruwa, kariyar da ya fito da ita daga ciki kuma tana raguwa. Illar kiran ta haƙori ita ce sai a zauna jiran haƙori ya fito. Ko ma me ya kawo ta, ruwan da ke zuba iri ɗaya ne, mayar da shi kuma dole ne.

Na san ba kullum maganar ke hannunki ba. Wani gidan sai abin da uwar miji ta ce, zuwa asibiti kuma sai maigida ya dawo. Kada ki yi jayayya da Hajiya a kan abin da ta goyi ’ya’ya takwas da shi. Ki kawo mata jug da cokali ki ce, "Inna, hannunki ya fi nawa sa’a, ki taya ni ba shi." Kakar da ta ga ido ya ciko a cinyarta, gobe ita za ta koya wa matan unguwa. Shi kuma maigida, ku yi maganar tun ana lafiya, ki nemi izini a buɗe: in kin ga alamun nan ko ba ya gida ki tafi, kuɗin mota kuma a ajiye su wuri sananne. Malam, in kai ne ke karanta wannan, ka ba da iznin yau.

8. Ki ci gaba da dubawa, har bayan ta tsaya

Duk bayan ’yan sa’o’i ki maimaita dubawar mataki na farko, da dare ma. In kwana uku sun cika ba sauƙi, ko wata alama daga cikin waɗanda na lissafa ta ɓullo, ko yaro ya yini bai yi fitsari ba, ki kai shi. Gudawar da ta kai kwana 14 ta zama wata matsala daban, sai an bincika.

Kashin yaro ba shi da tsarkin da ake ba shi a gidajenmu, ya ma fi na babba ƙwayoyin cuta. A juye fo a masai nan take, a wanke da sabulu, tsummokin a jiƙa su daban, ke ma ki wanke hannu kafin ki koma kan abinci. In ba haka ba, wannan na tashi ƙaninsa ko yayarsa na kwantawa.

Da gudawa ta tsaya, ki ƙara masa ci ɗaya a kan na kullum har mako biyu, ya mayar da abin da ya zube. Ki kai shi awo a ga nauyinsa, ki tafi da katin rigakafi a duba. Tun watan Agustan 2022 Najeriya ta sa ɗigon rota cikin rigakafin yara na kyauta, ana ba da shi a mako 6 da 10 da 14 da haihuwa, Nijar kuwa ta fara tun 2014. Rota ita ce ƙwayar da ta fi kawo gudawa mai tsanani ga jarirai, ɗigon kuma yana da iyakar shekaru, in an makara ya wuce. Allurar ƙyanda ta wata tara da ɗigon bitamin A su ma suna rage gudawa, a tabbata ba a tsallake su ba.

Kafin ki baro asibitin, ki karɓi fakitin ORS biyu da katin zinki ki mayar gurbin waɗanda kika yi amfani da su. Ki duba ranar lalacewarsu, ki ƙulle su a leda saboda danshin damina, ki sa su cikin jug ɗin nan mai alama, ki ɗora a inda hannun yara ba ya kaiwa amma kowane babba a gidan ya san wurin.